Yadda ake sayen fulat na alfarma a tsakiyar birni don a ci ribar haya

Wanda ya fara nuna min irin waɗannan gidaje ejan ne, wato dillalin gidaje, mai zaƙin baki, ya kai ni hawa na ashirin da wani abu, muna shiga bai ce komai ba sai da ya je ya yaye labule gaba ɗaya, gari ya bayyana a ƙasa motoci kamar tururuwa, sannan ya juyo yana murmushi yana jiran in ce a kawo takarda. Na ce masa nawa ake biyan kuɗin hidima, wato kuɗin kula da benen, a wata? Ya ce ai wannan ba komai ba ne yallaɓai, zan turo maka. Sati biyu ina bin sa. Da takardar ta zo sai na ga kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin hayar can zai tafi tun kafin in taɓa sisi. Tun ranar nake kallon harkar nan da wani ido daban, shi ya sa matakan da zan jero za ka ga lissafi da takardu sun fi yawa a ciki, kallon gari ta taga kuma sai daga baya.

Tukuna ma meye kondo ɗin

Kondo ake ce wa irin wannan gida, ba kwando ba. Dogon bene ne da aka yanka shi fulat-fulat, kowa da nasa da takardar mallakarsa, amma lifta da matakala da rufi da ginshiƙai da wurin fakin da wurin ninkaya da ɗakin motsa jiki duk na tarayya ne, kana da kaso a ciki gwargwadon girman fulat ɗinka. To wannan kason shi ne mutane suke mantawa da shi. In rufi ya yi yoyo a hawa na talatin kai kana hawa na biyar, da kuɗinka za a gyara. Ka sayi ɗakuna, ka kuma shiga tarayya da mutum ɗari ko ɗari biyu da ba ka taɓa gani ba, kuma ba ka da ikon fita daga tarayyar sai ranar da ka sayar.

Mataki na 1: ka yanke me kake nema

Hanya biyu ce ake samun kuɗi, ko dai hayar da ke shigowa wata-wata, ko kuma tashin farashi ranar sayarwa. Gidan alfarma a tsakiyar babban birni galibi hayarsa ba ta kai farashinsa ba, domin in fulat ya ninka wani tsada sau uku ba lallai ɗan haya ya yarda ya biya ninki uku ba. Saboda haka mafi yawan masu saye suna ajiye dukiya ne da fatan ta tashi. Babu laifi, amma ka faɗa wa kanka gaskiya tun farko, kuma ka sa a ranka shekara bakwai zuwa goma ne aƙalla, kuɗin da za ka buƙata baɗi kar ya shigo nan.

Mataki na 2: ka tabbatar an yarda ka saya, kuma nawa gwamnati za ta karɓa

In a ƙasarka za ka saya wannan da sauƙi. In a wata ƙasa ne to nan ake fara tuntuɓe, don dokoki sun sha bamban sosai. Singafo tun watan Afrilun 2023 baƙo yana biyan ƙarin harajin saye na kashi 60 cikin ɗari na farashin gida, ka ji fa, 60. Kanada ta hana baƙi sayen gidajen zama daga farkon 2023 kuma an tsawaita hanin zuwa 2027, duk da akwai waɗanda aka keɓe. A Tailan baƙi ba za su mallaki fiye da kashi 49 na faɗin fulat-fulat ɗin bene guda ba, in kason ya cika sai ka nemi wani benen. Dubai kuwa ta ware unguwannin da baƙo zai mallaka, kuɗin rajistar canjin suna kashi 4 ne.

Sannan ka tambayi wace irin mallaka ce. A Ingila yawancin fulat mallaka ce ta wa'adi, shekara 99 ko 125 ko 999, in wa'adin ya yi ƙasa da 80 bankuna sun fara ja da baya farashi ma ya fara zamewa. A Niyok akwai gine-gine da yawa da ba fulat ɗin kake saya ba, hannun jari ne a kamfanin da ya mallaki benen, kwamitinsu na iya ƙin ka ko ya hana ka ba da haya. Irin wannan ba na mai neman haya ba ne.

Mataki na 3: lissafi, kuma a nan za mu daɗe

Ɗauki biro. Kada ka yarda da lissafin da ke jikin takardar talla, su hayar shekara suke rabawa da farashi su ce maka ga ribarka, alhali ba a cire komai ba. Bari mu yi misali da lambobi masu sauƙi, ba na wani gari ba ne, kai ka sauya su da naka.

A ce farashin fulat 100 ne. Harajin saye da rajista da lauya da la'adar dillali a ce sun ci 6. Kayan ɗaki da labule da na'urorin kicin 4, don mai biyan hayar alfarma ba zai zauna a kan kujerar da ta ji jiki ba. Kenan abin da ya fita daga aljihunka 110 ne ba 100 ba.

Hayar shekara a ce 6. Ejan zai ce maka kashi 6 cikin ɗari, ma sha Allah. To fara cirewa: kuɗin hidimar bene 1.5, harajin gida da inshora 0.6, kamfanin da zai kula maka da ɗan haya ya ɗauki kashi 10 na hayar wato 0.6, wata ɗaya da gidan zai zauna ba kowa tsakanin mai fita da mai shiga 0.5, ƙananan gyare-gyare irin su famfo da na'urar sanyaya ɗaki da fenti 0.3. Jimla 3.5. Saura 2.5. Raba 2.5 da 110, abin da ka samu bai kai kashi 2.3 cikin ɗari ba, kuma ba a cire harajin kuɗin shiga ba tukuna.

Yanzu a ce bashi ka ci na 60 a kan kuɗin ruwa kashi 6, ruwan kaɗai 3.6 ne a shekara, gidan kuma 2.5 yake kawowa, kenan duk shekara kai ne za ka ciko 1.1 daga wani wuri, ban da biyan uwar kuɗi. Wannan fa shi ne halin da masu fulat da yawa suke ciki suna shiru, musamman bayan da kuɗin ruwa ya tashi a ƙasashe da dama a 2022 da 2023. In kana gudun kuɗin ruwa akwai bankunan Musulunci masu tsarin murabaha (banki ya saya ya sayar maka da riba) ko ijara (banki ya saya ya ba ka haya) ko haɗin gwiwar da kasonka ke ƙaruwa a hankali, amma lissafin bai canja ba, abin da za ka biya su a wata shi za ka ajiye gefen abin da gidan ke kawowa ka ga wa ya rinjayi wani.

Ka sake lissafin sau biyu da mugun zato: in haya ta sauka da kashi 10 fa? In gidan ya yi wata huɗu ba kowa fa? In kuɗin hidima ya tashi da kashi 20 fa? In duk da haka za ka iya riƙewa ba tare da ka sayar da wani abu ba, to mu ci gaba. Kuma hayar da za ka sa a lissafi ka samo ta daga abin da ake biya yanzu a cikin benen nan ko maƙwabcinsa, ka kira ejan biyu uku kamar kai ne mai neman haya, za ka ji farashin gaskiya da irin ragin da ake yi.

Mataki na 4: unguwa, sannan bene, sannan fulat

A wannan jerin. Wa zai zauna a gidan? Ma'aikacin babban kamfani da aka turo shi aiki na shekara biyu, ɗan diflomasiyya, likita, ma'aurata marasa yara da yawa. Irin waɗannan suna son su isa ofis cikin minti kaɗan, kusa da tashar jirgin ƙasa, da wurin cefane da asibiti. In ba ka iya siffanta ɗan hayarka ba to ba ka san me kake saya ba.

Ka ɗaga kai ka ƙirga injinan ɗaga kaya da ke sararin unguwar. Kowane ɗaya sabon bene ne da zai fito da ɗaruruwan fulat su yi gasa da naka ranar da kake neman ɗan haya ko mai saye. Ka je ofishin tsara birni ko shafinsu na intanet ka duba filin da ke gaban tagarka, in an ba da izinin hawa arba'in a wurin to kallon teku ko na gari da aka caje ka kuɗinsa na ɗan lokaci ne.

A cikin benen kuwa, mai ɗaki ɗaya ko biyu ya fi saurin samun ɗan haya da mai saye fiye da katafaren na can ƙoli, wanda masu iya sayensa 'yan ƙalilan ne. Kwatanta farashi da murabba'in mita, ka kuma tambaya ko an haɗa da baranda da kaurin bango a awon. Wurin fakin yana cikin takardar mallaka ko aro ne? Kada ka ɗauki fulat ɗin da ke manne da ramin lifta ko ƙarƙashin ɗakin motsa jiki. Ka je da rana, ka koma da daddare, ka tsaya jiran lifta da ƙarfe takwas na safe ka ga minti nawa.

Ni kuma akwai inda nake zuwa da ejan ba ya son kai mutum, wato fakin na ƙarƙashin ƙasa. Can babu marmara babu turare. Ka kunna fitilar waya ka haska silin da ginshiƙai, in ka ga farin gishiri-gishiri yana tsattsafowa daga kankare, ko jan tsatsa ya zubo kamar hawaye, ko kankare ya ɓare rodi ya fito, ko an jera bokitai ana tarar ruwa, to ka ga ainihin lafiyar benen. Ka ɗan tsaya da mai gadi ko mai shara ku gaisa, tambaye shi sau nawa lifta ke lalacewa, sun fi manaja faɗin gaskiya.

Mataki na 5: takardun ƙungiyar masu gida

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa don gajiya, kuma shi ne ya fi cin mutane. Ka nemi a ba ka kasafin kuɗin bene na bana, da rahoton binciken kuɗi na shekara uku, da bayanin asusun ko-ta-kwana da ake tarawa don manyan gyare-gyare, da rubutaccen bayanin zaman kwamiti na shekara biyu, da takardar inshorar benen, da dokokin zama, da rahoton injiniya na ƙarshe. In an ce babu ko ana ta maka yawo da hankali, wannan ma amsa ce.

Me kake nema a ciki? Na ɗaya, asusun ko-ta-kwana ya kai ya sauya lifta da rufi da famfunan ruwa idan lokacinsu ya yi? In babu kuɗi a ciki, ranar da aikin ya taso za a raba wa kowa nasa kason ne a ce ya kawo a dunƙule. Na biyu, mutum nawa ne ba sa biyan kuɗin hidima, don gibinsu a kan masu biya yake komawa. Na uku, akwai shari'a a kotu tsakanin masu gida da kamfanin da ya gina? Banki na iya ƙin ba mai sayen fulat ɗinka bashi saboda wannan kaɗai. Kuɗin hidima mai araha sosai a bene mai wurin ninkaya da masu gadi dare da rana shi ma abin tsoro ne, yana nufin ana tura gyara gaba ne.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Benen Champlain Towers South a Surfside ta jihar Fulorida a Amurka, mai hawa 12 a bakin teku, ya rufta ranar 24 ga Yunin 2021 mutum 98 suka rasu. Tun 2018 injiniya ya rubuta cewa akwai babbar ɓarna a kankaren da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin ninkaya, aka yi ta jan ƙafa kan kuɗi, sai a 2021 aka amince da karo-karon kusan dala miliyan 15, ba a kai ga ainihin aikin ba abin ya faru. Bayan nan Fulorida ta yi doka a 2022 ta wajabta binciken tsofaffin benaye da tara kuɗin gyara, kuɗin wata-wata ya yi tsalle a gine-gine da yawa. Kar kuma ka ce ai sabo zan saya. Millennium Tower a San Faransisko, hawa 58, an buɗe shi 2009 a matsayin gidan manya, zuwa 2016 aka bayyana ya nutse kusan inci 16 ya kuma karkata. A Landan bayan gobarar benen Grenfell ta 2017 da ta ci rai 72, dubban masu fulat a wasu benaye da aka lulluɓe bangonsu na waje da irin abin nan mai kama wuta na Grenfell sun wayi gari ba sa iya sayarwa don banki ya ƙi ba da bashi a kansu.

Dokokin haya kuma ka karanta su layi-layi. Wasu benaye sun ƙayyade yawan fulat da za a iya ba da haya, wasu sun ce sai wata shida ko shekara. In lissafinka ya dogara ne a kan hayar kwana-kwana ta manhajar Airbnb to ka yi hattara, Niyok ta matse wannan tun Satumbar 2023, hayar ƙasa da kwana 30 sai mai gida yana ciki kuma ya yi rajista, Basalona ta ƙasar Sifen kuma ta sanar a 2024 cewa lasisin kusan fulat 10,000 na 'yan yawon buɗe ido zai ƙare a 2028. Lissafinka ya tsaya da ƙafarsa a kan hayar shekara, sauran in ya samu ƙari ne.

Mataki na 6: wanda aka gama ko wanda ke kan takarda

Saye tun kafin a gina yana da daɗin biya kaɗan-kaɗan, wani lokacin da rangwame, amma hoto ka saya. Kamfanin gine-gine na Evergrande na ƙasar Sin ya kasa biyan bashinsa a ƙarshen 2021, a 2022 masu saye a garuruwa da dama na ƙasar suka daina biyan bashin banki a kan gidajen da aka tsayar da ginin su. In dole sai irin wannan, kuɗinka ya shiga asusun amana da ake sakin sa gwargwadon ci gaban gini, kamar yadda Dubai ta wajabta tun 2007, kada ya shiga asusun kamfanin kai tsaye. Ka je ka ga benen da suka gama shekara biyar da suka wuce yadda ya koma. A yarjejeniya ka duba ranar miƙa makulli, tarar jinkiri, da abin da zai faru in faɗin ya gaza abin da aka rubuta. Alƙawarin "mun lamunce maka haya kashi kaza na shekara uku" kuwa, yawanci kuɗinka ne aka ɗora a farashi ake mayar maka da shi gutsi-gutsi.

Mataki na 7: mutanenka, tayi, da kafin alƙalami

Lauya naka na kanka, ba wanda mai sayarwa ko kamfanin gini ya haɗa ka da shi ba. Shi zai bincika takardar mallaka, ya tabbatar ba a jinginar da gidan ba, ba bashin kuɗin hidima ko haraji a kansa. Injiniya ko mai duba gini ya shiga ya gwada wuta da ruwa da tagogi da na'urar sanyaya ɗaki. Akanta kuma ya gaya maka harajin haya da na ribar sayarwa da na gado, da ko ya fi kyau ka saya da sunanka ko da sunan kamfani. Ejan kuwa ka tuna la'adarsa sai an yi ciniki take fitowa.

Wajen tayi kada ka kalli farashin da aka rubuta a talla, nemi abin da aka sayar da irinsa a benen cikin wata shida zuwa shekara, da kwana nawa wannan ya yi a kasuwa. Wanda ya yi wata takwas ba a taya ba mai shi ya gaji, in ya ce albarka ka bar masa lambarka ka tafi. A rubuta sharuɗɗa a tayin: sai banki ya amince, sai binciken injiniya ya yi kyau, sai lauya ya gamsu da takardu, in ɗaya ya faɗi a dawo maka da kafin alƙalaminka. Kuɗin kuma a hannun lauya ko asusun amana zai zauna. Ranar tura babban kuɗi ka kira ofishin lauyan da lambar da ka sani ka tabbatar da lambar asusu baki da baki, 'yan damfara suna kutsawa cikin imel su canja lambar a daidai wannan gaɓar. Ka tanadi hujjar inda kuɗinka ya fito ma, banki da lauya duk za su tambaya.

Mataki na 8: bayan an ba ka makulli

Kafin ka sa hannun ƙarshe ka sake zagaya gidan da takarda a hannu, ka buɗe kowane famfo ka kunna kowace fitila ka ɗauki hoton mita. Yi inshorar cikin fulat ɗinka, don ta benen galibi ba ta rufe kayanka da ɓarnar da ruwanka zai yi wa na ƙasa da kai. Ɗan haya a tantance shi, aikinsa da inda ya zauna a baya, a karɓi kuɗin ajiya, a ɗauki hoton komai ranar shiga. Ware hayar wata uku zuwa shida a asusu daban kada ka taɓa.

Maganar fita ma tun yanzu ake yin ta. A misalinmu ka kashe 110, ranar sayarwa la'ada da lauya za su ci a ce 5, kenan sai farashi ya tashi daga 100 zuwa wajen 115 kafin ka dawo da kuɗinka kawai. Farashi kuma yana sauka, a Dubai ya faɗi kusan rabi tsakanin 2008 da 2009, kuma fulat ɗin da yake sabo fil yau nan da shekara goma shi ne tsoho a gefen sabon benen da aka gina masa a maƙwabta. Duk shekara ka sake lissafin mataki na 3 da lambobin gaske. Taron shekara na masu gida kuma ka halarta ko ka ba wani wakilci a rubuce, a can ake yanke ƙarin kuɗin hidima da karo-karon gyara, in da hali ma ka nemi kujera a kwamitin ka riƙa ganin takardun tun kafin su iso akwatin wasiƙarka.